Gautan Kura da Tarihin Sunansa a Ilimin Tsirrai, 1753–2018

1. Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a karkarar Maraɗi ko Damagaram ya san gautan kura, wanda wasu ke kira idon saniya. Yana fita a saura, da bakin hanya, da gefen burtali, musamman inda dabbobi suka cinye ciyawa suka bar ƙasa fili. A littattafan ilimin tsirrai ana rubuta sunansa Solanum incanum L., kuma ɗalibi yakan ɗauki wannan suna kamar abin da aka yanke tun fil azal. Manufar wannan ƙasida ita ce mu nuna cewa sunan Latin ɗin ma yana da tarihi: ya faɗaɗa ya haɗiye tsirrai da yawa, sa'an nan ya sake tsukewa. Mai binciken da bai san wannan ba zai iya jingina wa tsiron Nijar sakamakon da aka samu a kan wani tsiro dabam. A nan za mu yi amfani da kalmar «dangi» a madadin genre, da «iri» a madadin espèce.

2. Siffar tsiron da sunansa na Hausa

Gautan kura ƙaramin itace ne mai rassa, tsawonsa yakan kai mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Akwai ƙaya a karansa, sau da yawa har a jijiyar ganye da gindin fure. Ganyen yana lulluɓe da gashi mai laushi, wanda a ƙarƙashin madubin ƙara girma kowane silinsa ke da siffar tauraro. Wannan gashi ne ke ba shi launin toka-toka, kuma daga nan kalmar incanum ta fito, wato mai furfura. Furen shuɗi-shuɗi ne mai ratsin ja, tsakiyarsa rawaya. A kowane reshen fure, galibi na gindi kaɗai ke yin ɗa, sauran aikinsu ba da garin barbara. Ɗan yana farawa kore mai dabbare-dabbare, in ya nuna ya koma rawaya. Yana da ɗaci ƙwarai, kuma yana ɗauke da sinadarai masu dafi irin su solasonine da solamargine.

Sunan Hausa kansa rabe-rabe ne. Bahaushe ya dubi fure da ɗa ya gane ɗan'uwan gauta ne, sai ya jingina shi ga kura don ya nuna na daji ne, ba na tukunya ba. Haka ya yi wa albasar kura. J. M. Dalziel, likitan da ya yi aiki a Nijeriya ta Arewa, ya rubuta wannan suna a ƙamus ɗinsa na sunayen tsirrai na Hausa a 1916, ya haɗa shi da Solanum incanum.

3. Daga Linné zuwa Bitter: zamanin yawaita sunaye

A 1753, cikin Species Plantarum, Linné ya raɗa sunan Solanum incanum, ya kuma raɗa Solanum melongena ga aubergine da ake nomawa. A 1767 ya ƙara Solanum insanum ga wani na daji na ƙasashen Asiya. Sunaye biyun, incanum da insanum, harafi ɗaya ya raba su, kuma marubuta sun daɗe suna musanya su. Bayan haka bayanin Linné gajere ne, layuka kaɗan, ba a kuma tsayar da samfurin da za a riƙa komawa gare shi ba. Shi kansa ya sake ba tsiron wani suna, Solanum sanctum, a 1762.

A ƙarni na 19 matafiya suka riƙa aika busassun tsirrai zuwa rumbunan ajiya (herbiers) na Turai. Michel Félix Dunal na Montpellier, wanda ya fara rubutu kan wannan dangi a 1813, ya lissafa irin Solanum kusan 900 a cikin Prodromus na De Candolle a 1852. Cikinsu akwai Solanum cerasiferum, wanda za mu sake haɗuwa da shi. Daga baya, lokacin mulkin Jamus a Afirka ta Gabas, samfura suka yi ta kwarara zuwa Berlin. Udo Dammer da Georg Bitter suka raɗa sunaye masu yawa. Aikin Bitter mai suna Solana africana ya fito kashi-kashi daga 1913 zuwa 1923.

Dalilin wannan yawa a fili yake. Masanin da ke zaune a Turai reshe ɗaya busasshe yake gani. Shi kuwa tsiron yana sauya kama: na inuwa ganyensa ya fi faɗi, na tudu ya fi gashi, ƙaramin tsiro ya fi tsoho ƙaya. Abin da makiyayi ya sani da ido, cewa duk abu ɗaya ne, takarda ba ta nuna shi. Sai kowane bambanci ya zama sabon iri.

4. Zamanin tattarawa

Da aka gaji da tarin sunaye, sai aka koma ɗaya gefen. Littattafan tsirrai na ƙarni na 20 da yawa suka zuba kusan duk wani Solanum mai ƙaya da ɗa rawaya cikin Solanum incanum, tun daga Sahel har Afirka ta Kudu da Indiya. A 1985 Hepper da Jaeger suka tsayar da samfurin shaida ga sunan, daga tsohon rumbun Burser da ke Uppsala. Wannan ya ɗaure sunan a wuri ɗaya, amma bai ce ina iyakar irin take ba.

A 1991 Richard Lester na Jami'ar Birmingham da S. M. Z. Hasan suka kawo wata dabara. Sun jingine sunayen, suka raba tsirran gida takwas da haruffa: A zuwa D su ne incanum a faɗaɗe, E zuwa H su ne melongena, daga na daji zuwa na gona. Gidan C shi ne incanum na ainihi. A ra'ayinsu aubergine daga incanum ta samo asali. Masu kyautata irin shuka sun yi aiki da waɗannan haruffa sama da shekara ashirin, kuma ra'ayin ya shiga littattafan koyarwa.

5. Sabon rabo: 2013 zuwa 2018

A 2013 Sandra Knapp da Maria Vorontsova da Jaime Prohens suka sake duba samfuran rumbuna da dama, suka mayar da haruffan Lester zuwa sunaye. Sakamakon ya shafe mu ta fuska uku.

Na farko, Solanum incanum ya tsuke: tsiro ne na busassun ƙasashe, daga Sahel zuwa arewa maso gabashin Afirka, da ƙasar Larabawa har Pakistan. Nijar tana cikin wannan yanki. Na biyu, wanda ya cika filayen kiwo na Kenya da Tanzaniya, wanda aka yi ta rubutu a kansa da sunan incanum, yawancinsa Solanum campylacanthum ne. Na kudancin Afirka kuma akwai Solanum lichtensteinii. A yankin sabana, daga Sanagal zuwa Sudan ta arewacin Nijeriya, akwai Solanum cerasiferum na Dunal, wanda gashinsa bai kai na incanum kauri ba. Na uku, kakan aubergine shi ne Solanum insanum na Asiya. Incanum ɗan'uwa ne na kusa.

Vorontsova da Knapp sun fitar da cikakken nazarin Solanum masu ƙaya na Afirka da Madagaska a 2016. A 2018 Xavier Aubriot da abokan aikinsa, ta hanyar nazarin ƙwayoyin gado, suka nuna cewa wannan rukuni ya taso ne daga arewa maso gabashin Afirka, reshe ɗaya ya nufi Asiya, suka kuma kawo hujjar cewa giwa tana cikin dabbobin da suka yaɗa irinsa a Afirka.

A nan akwai abin lura game da sunan Hausa. Gautan da muke ci, Solanum aethiopicum, an hore shi ne a Afirka daga Solanum anguivi. Ke nan gautan kura ya fi kusa da aubergine ta Asiya a kan gautan gonarmu. Bahaushe ya gane dangin daidai. Zumuncin da ke cikin dangin ne sai nazarin ƙwayoyin gado ya warware.

6. Kammalawa

Wannan tarihi yana da amfani ga aikinmu na yau da kullum. Ɗalibin da ke rubutu kan magungunan gargajiya a Tawa, in ya ɗauko sakamakon gwajin dafi da aka yi a Kenya a kan «Solanum incanum», mai yiwuwa yana magana ne a kan campylacanthum, tsiron da boka na Adar bai taɓa riƙewa ba. A sha'anin abin da mutum zai sha ko ya shafa, wannan kuskure yana da nauyi. Haka kuma masu kyautata iri, kamar na jami'ar fasaha ta Valencia a Sifen, sun barbara aubergine da incanum suna neman juriyar fari. Irin da aka ajiye da sunan da ba nasa ba yana iya ɓata aikin shekaru.

Saboda haka muna ba da shawara uku. Duk inda aka ci karo da sunan Solanum incanum, a dubi shekarar rubutun da ƙasar da aka tsinko tsiron. Kada a ɗauka sunan Hausa ɗaya daidai yake da iri ɗaya, domin «gautan kura» na iya hawa kan incanum a wani gari, ya hau kan cerasiferum a wani. Sa'an nan duk mai bincike ya busar da reshe mai fure da ɗa, ya rubuta wuri da rana da sunan da mutanen wurin suka faɗa, ya ajiye a rumbun jami'a. In an sake rabo nan gaba, da wannan reshen ne za a san tsiron da ya yi aiki a kansa.