Asbestos, dalma da zaiba: Yadda ake bincike da kwashe abubuwa masu guba a gine-ginen asibitocin gwamnati

Binciken abubuwa masu guba a ginin asibiti aiki ne na gano duk wani abu da ke jikin ginin, ko aka ajiye a cikinsa, wanda zai iya cutar da majinyaci ko ma'aikaci ko magini. Ana rubuta inda abin yake, da yawansa, da halin da yake ciki, sannan a yanke shawarar ko a killace shi a inda yake ko a cire shi. Ƙa'idar ɗaya ce ga kowane asibitin hukuma, tun daga ƙaramin asibitin mazaɓa a Ƙaramar Hukumar Kaugama, zuwa Babban Asibitin Haɗeja, har asibitocin soja irin Asibitin Sojan Ƙasa na 44 da ke Kaduna.

Batun ya ƙara muhimmanci tun bayan Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, wadda ta kafa asusun tallafa wa kiwon lafiya a matakin farko, da manufar samar da asibiti guda mai aiki a kowace mazaɓa. Jihar Jigawa na da mazaɓu 287, kuma cimma wannan manufa na nufin gyaran tsofaffin gine-gine masu yawa. A nan hatsarin yake, domin galibin waɗannan abubuwa ba sa cutarwa sosai muddin suna zaune lafiya. Ranar da guduma ta sauka a kansu, ko ambaliya ta shiga ɗakin da suke, ita ce ranar da suke tashi. Gyaran da ba a yi bincike kafinsa ba yana iya zama gyaran gangar Auzinawa.

Asbestos: ƙurar da ba a gani

Asbestos ma'adini ne mai zare-zare da ba ya cin wuta, ba ya ruɓewa, kuma gara ba ta cinsa. Saboda haka aka daɗe ana gauraya shi da siminti ana yin kwanon rufi, da allon silin, da bututun ruwa. Irin wannan kwano yakan ƙunshi kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na asbestos. Masana'antu a Ikeja da Inugu da Sapele sun shafe shekaru suna sarrafa shi, kuma gine-ginen gwamnati na shekarun 1960 zuwa 1980, wato asibitoci da makarantu da barikoki da gidajen ma'aikata, sun yi amfani da shi sosai, musamman don ya fi kwanon ƙarfe sanyi a lokacin bazara.

Masana sun kasa shi gida biyu. Akwai wanda siminti ya riƙe, kamar kwano da silin, wanda ba ya sakin ƙura sai an fasa shi, ko an huda, ko an yanka. Akwai kuma mai marmashewa, wanda ake naɗe bututun ruwan zafi da tukunyar turara kayan tiyata da shi. Wannan ko da hannu aka murza shi zai tashi, kuma ya fi haɗari nesa ba kusa ba.

Zaren asbestos ya fi gashin kai siranta sau ɗaruruwa. Idan aka shaƙe shi yana maƙalewa a huhu, jiki kuma ba ya iya narkar da shi. Cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa kowane nau'insa na haddasa sankarar huhu, da ta maƙogwaro, da ta ƙwan mace, da wata sankara ta fatar da ta lulluɓe huhu wadda kusan asbestos kaɗai ke kawo ta. Cutar kan ɗauki shekara 20 zuwa 40 kafin ta bayyana. Leburan da ya farfasa silin yana ɗan shekara 25 zai iya fara haki bayan ya aurar da 'ya'yansa, ba tare da kowa ya danganta ciwon da wancan aiki ba. Hukumar ta ƙiyasta cewa shaƙar asbestos a wurin aiki na kashe fiye da mutum 200,000 duk shekara a duniya.

Birtaniya ta haramta shi baki ɗaya a 1999, Tarayyar Turai a 2005, Afirka ta Kudu a 2008. Ruwanda ta ƙaddamar da shirin cire shi daga gine-gine a 2009, Kenya kuma ta ba da umarnin sauke irin wannan rufi a 2024.

Dalma da zaiba

Arewacin Najeriya ya san gubar dalma ta hanya mai ɗaci. A 2010, aƙalla yara 400 suka mutu a ƙauyukan Zamfara sakamakon ƙurar duwatsun zinare masu dalma da ake niƙawa a cikin gidaje, kuma sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa kafin magani ya yi amfani. Darasin shi ne, babu fa'idar yi wa yaro magani a mayar da shi cikin ƙurar da ta kwantar da shi.

A asibiti, dalma na ɓuya a tsohon fentin mai na ƙofofi da tagogi da gadajen ƙarfe, da allon da ake lulluɓe bangon ɗakin ɗaukar hoton ƙashi da shi, da batiran sola da suka mutu aka jibge a sito. Ƙa'idar da Majalisar Ɗinkin Duniya ke ba ƙasashe shawara a kai ita ce kada dalma ta wuce kashi 90 cikin miliyan a sabon fenti. Gurza tsohon fenti a bushe, ko babbaka shi da wuta, yana mayar da shi ƙura da hayaƙi, kuma ƙananan yara da mata masu juna biyu, waɗanda su ne suka fi cika asibitin mazaɓa, su ne suka fi cutuwa.

Zaiba kuwa tana cikin tsohon ma'aunin zafin jiki na gilashi, da ma'aunin hawan jini mai dogon bututu wanda kan ɗauki giram 80 zuwa 100, da dogayen ƙwayayen lantarki. Idan ta zube tana rarrabuwa ƙanana-ƙanana ta shige tsagar daɓe, ta riƙa fitar da tururi marar wari mai taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda. Ba a share ta da tsintsiya. Ana fitar da mutane, a buɗe tagogi, a tattara ta da kwali mai kauri ko sirinji marar allura, a rufe a kwalba. Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda Najeriya ta amince da ita a 2018, ta sa 2020 a matsayin wa'adin daina ƙerawa da shigo da irin waɗannan ma'aunai, amma tsofaffin suna nan a kabad-kabad.

Sauran abubuwan da ake dubawa

Mai bincike yana duba magungunan da wa'adinsu ya ƙare, waɗanda hukumar NAFDAC ke sa ido kan lalata su, da ragowar sinadaran ɗakin gwaje-gwaje, da maganin feshin sauro da aka manta da shi, da kashin jemage da ya taru a saman silin, da funfunar da ke bin bango bayan ruwa ya janye.

A manyan asibitoci akwai kuma na'urori masu ɗauke da sinadarin da ke fitar da haske mai ratsa jiki, waɗanda hukumar NNRA ke ba da lasisinsu. A 1987, a birnin Goiania na Brazil, wasu masu tsintar ƙarafa sun ɗauko irin wannan na'ura daga asibitin da aka yi watsi da shi suka fasa ta. Mutum 4 suka mutu, kusan 250 suka gurɓata. Shi ya sa ba a sayar wa 'yan jari-bola tsohuwar na'urar asibiti sai an tantance ta.

Dangane da sharar yau da kullum, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin kashi 85 cikin 100 na sharar asibiti shara ce irin ta gida, kashi 15 ne ke da haɗari. Idan aka cakuɗa su, duka sun zama masu haɗari. Allurai na shiga kwalin tsaro, a rufe shi idan ya kai kashi uku cikin huɗu. Ƙona sirinji da ledar ƙarin ruwa a buɗaɗɗen rami na fitar da hayaƙi mai guba. Ƙonawa mai kyau na buƙatar zafin da ya kai digiri 850 zuwa sama.

Yadda ake binciken

Bincike iri biyu ne. Na farko na kula ne, wanda ake yi asibiti na aiki: a zagaya ɗaki-ɗaki, a duba da ido, a rubuta rajista, a manna alamar gargaɗi. Na biyu na gabanin gyara ko rusau ne, wanda ya fi zurfi, domin ana leƙa saman silin, a ɗaga daɓe, a buɗe ramukan bututu, kuma ba a yinsa sai an fitar da marasa lafiya.

Ana farawa da shekarar da aka yi ginin da tarihin gyare-gyarensa. Inda takardu suka ɓata, tsohon maigadi ko tsohuwar ungozoma sukan san shekarar da aka canza rufi da inda aka haƙa tsohon ramin shara. Ido kaɗai ba ya bambance allon asbestos da wanda ba shi ba, don haka ana jiƙa ɗan gefe, a ɓalli ƙaramin samfuri, a ƙulle a leda biyu, a kai ɗakin gwaji. Inda gwaji bai samu ba, ana ɗaukar tsohon allo a matsayin mai asbestos har sai an tabbatar da akasin haka.

Ba kowane abu ake cirewa ba. Silin da bai tsage ba, bai jiƙe ba, kuma babu aikin da zai taɓa shi, ya fi aminci a shafe shi da fenti a bar shi, a riƙa dubawa duk shekara. Wanda ya farfashe, ko ruwa ya ci, ko gyara zai bi ta kansa, shi ake saukewa.

Yadda ake kwashewa

Ana kewaye wurin, a rufe tagogin ɗakunan da ke maƙwabtaka, a guji ranar da iskar hunturu ke kaɗawa. Ma'aikaci na sa takunkumi mai tace ƙananan ƙura, ba ƙyalle ko rawani ba, da rigar aiki da za a jefar bayan an gama, domin wanda ya koma gida da kayan aikinsa ya kai wa iyalinsa ƙurar. Ana jiƙa allon, a kwance ƙusoshi, a sauke shi ɗungurungum da hannu. Ba a jefo shi daga sama, ba a yanka shi da inji, ba a share wurin a bushe. Da jiƙaƙƙen tsumma ake gogewa. Sai a naɗe shi a leda mai kauri ninki biyu, a rubuta gargaɗi, a kai wurin da hukuma ta keɓe a binne.

Matakin ƙarshe shi ne aka fi yin sakaci da shi. Tsohon kwano abu ne mai daraja a karkara: yana komawa rufin turken awaki, ko dangar banɗaki, ko cikon rami a hanya, inda ƙafa da kofato za su riƙa niƙa shi. Don haka kwangila mai kyau takan fayyace inda za a kai ɓaraguzai, kuma ba a biyan kuɗin ƙarshe sai an ga shaidar binnewa.

Abin da ya bambanta ƙasar Haɗeja

Kaugama na cikin ƙananan hukumomi 8 na masarautar Haɗeja, tare da Haɗeja, Auyo, Kafin Hausa, Malam Madori, Birniwa, Guri da Kiri Kasamma. Kogin Haɗeja na samun ruwa daga kogunan Kano da Challawa, waɗanda madatsun Tiga da Challawa ke riƙe da su, kuma ciyawar kachala da ta toshe hanyoyinsa na sa ruwa ya fantsama cikin gonaki da garuruwa. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun nuna yadda hakan ke kasancewa.

Wannan na canza lissafin binnewa. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce gindin ramin shara ya kasance aƙalla mita 2 sama da ruwan ƙarƙashin ƙasa, kuma ya nisanci rijiya da kimanin mita 50. A fadama, inda manoman rani ke samun ruwa da ɗan gajeren haƙa, ramin da ya bushe a watan Maris na iya cika da ruwa a Satumba. Don haka ana auna zurfin ruwa a ƙarshen damina, ba da rani ba, ana kuma neman tudu ko jigawa da ambaliya ba ta taɓa kaiwa ba. Batira da sinadarai da kwalayen allura ana ɗora su a kan kanta tun kafin ruwa ya sauka. Abin da ruwa ya kwasa daga bayan asibiti yana gangarawa ne zuwa gonakin shinkafa da dausayin Haɗeja da Nguru, inda dubban masunta da makiyaya ke neman abinci.

Alhakin wa?

Dokar farko mai ƙarfi kan shara mai guba ta zo ne a 1988, bayan an gano gangunan guba da aka shigo da su daga Italiya aka jibge a garin Koko, a Jihar Delta ta yanzu. A 2007 aka kafa hukumar NESREA, wadda ta fitar da ƙa'idojin tsafta da sarrafa shara a 2009, da na harkar gine-gine a 2011. A Jigawa akwai hukumar kare muhalli ta JISEPA, da Ma'aikatar Lafiya, da hukumar kula da lafiya a matakin farko. A ƙaramar hukuma kuwa aikin na hannun jami'an tsaftar muhalli, wato duba-gari, irin waɗanda Kwalejin Fasahar Lafiya ta Jahun ke horarwa. A barikin soja, sassan lafiya da na injiniyoyi na rundunar ne ke ɗauke da nauyin, amma ƙurar ba ta bambance soja da farar hula.

Kwamitin ci gaban mazaɓa da shugaban asibiti suna da damar yi wa ɗan kwangila tambaya uku kafin ya kafa tsani: An binciki ginin, ina rahoton? Da wane kayan kariya leburori za su yi aiki? Ina za a kai abin da aka sauke? Idan babu amsa a rubuce, bai kamata aiki ya fara ba.