Kuɗin Yari da Ran Fursuna: Waiwaye Kan Gidajen Yarin Ingila, 1577–1877

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana kan ce ruwa ba ya tsami banza. Wannan maƙala za ta dubi yadda cuta ta yi ta cin fursunoni a gidajen yarin Ingila, da nufin nuna cewa tushen mace-macen yana cikin hanyar da ake biyan mai tsaron kurkuku. Duk lokacin da aka sauya hanyar biyan, sai adadin gawa ma ya sauya.

2.0 Yari Mai Ci Daga Fursuna

Har cikin ƙarni na 18, yawancin gidajen yarin Ingila suna hannun gundumomi da garuruwa ne, kuma galibin yarawa ba su da albashi. Abincin yari yana wuyan fursuna. Akwai kuɗin shiga, da kuɗin shimfiɗa, da kuɗin sassauta mari, da kuɗin fita. Ga kuma giya da yari ke sayarwa a cikin gidan. Wanda alƙali ya wanke, muddin bai biya kuɗin fita ba, sai a mayar da shi ɗaka. Bugu da ƙari, tun 1696 ana karɓar harajin taga a ƙasar, don haka wasu yarawa suka toshe tagogi domin su rage abin da za su biya. An ba kura ajiyar nama ke nan.

A irin wannan cunkoso da duhu da ƙazanta ne cutar da suke kira zazzaɓin kurkuku, wato taifus, ta sami wurin zama. Sai a 1909 Charles Nicolle ya tabbatar da cewa ƙwarƙwata ce ke yaɗa ta. Cutar kuwa ba ta san bangon kurkuku ba. A zaman shari'ar Oksfod na 1577 ta kashe kimanin mutum 300, har da alƙalai. A 1750 fursunoni suka shigo da ita babbar kotun Landan, ta hallaka fiye da mutum 40, ciki har da Magajin Garin Landan da alƙalai biyu.

3.0 John Howard da Dokokin 1774

A 1773 aka naɗa John Howard babban jami'in shari'a na gundumar Bedfod. Da ya ga ana riƙe da marasa laifi saboda bashin yari, sai ya nemi a yanka wa yarin albashi. Mahukuntan gunduma suka ce ya kawo misalin inda ake yin haka. Ya zaga gundumomin maƙwabta bai samu ba, sai ma ɓarna da ya tarar ta fi ta gida. Bayan ya ba da shaida a majalisar dokoki a 1774, aka kafa dokoki biyu: ɗaya ta ɗauke wa wanda aka wanke kuɗin fita, ɗayar ta umarci a riƙa shafe bango da farar ƙasa kowace shekara, a ware ɗakin majinyata, a kuma ɗauki likita.

Sai dai kafa doka daban, cire kuɗi daga asusun gunduma daban. Howard ya buga dokokin da kuɗin aljihunsa ya aika wa yarawa, amma wurare da dama suka yi biris da su. A littafinsa na 1777 ya bayyana cewa waɗanda zazzaɓin ya kashe a kurkuku sun fi waɗanda aka rataye yawa. Shi kansa zazzaɓi ne ya yi ajalinsa a 1790 a garin Kerson, cikin ƙasar Yukren ta yau.

4.0 Darasin Jiragen Ostireliya

Hujja mafi ƙarfi ta fito ne daga teku. A wancan zamani Ingila kan kwashi fursunoni zuwa Ostireliya. Ayarin jirage na biyu, wanda ya isa a 1790, an ba da kwangilarsa ga wani kamfani mai fataucin bayi, a kan fam 17 da sule 7 da sisi kowane fursuna da aka ɗora, ko ya isa da rai ko bai isa ba. Ke nan duk wanda ya mutu a hanya, abincinsa ya zama riba. Cikin fursunoni kimanin 1,000, fiye da kashi ɗaya bisa huɗu suka mutu kafin a kai gaɓa. Da aka gyara kwangila a jiragen 1793, aka sa likitan gwamnati a ciki, aka kuma riƙe wani kaso na kuɗin sai an sauke mutum lafiya, mutuwa ta ragu ƙwarai. Teku dai ita ce, nisan tafiya ma bai ragu ba.

5.0 Kammalawa

Daga nan gyara ya bi hanyar baitulmali. A 1815 aka soke kuɗaɗen yari, dokar 1823 ta tanadi albashi da ziyarar likita, a 1835 aka naɗa sufetoci, sannan dokar 1877 ta mayar da gidajen yarin gundumomi hannun gwamnatin tsakiya. Nijeriya, wadda ta gaji tsarinta daga Ingila, ta bi makamancin wannan mataki a 1968, lokacin da gwamnatin tarayya ta karɓi gidajen yarin En'e.

A taƙaice, abin da tarihin nan ke koyarwa shi ne, mai son sanin lafiyar fursuna ya fara da tambayar wa ke biyan mai ciyar da shi, kuma a kan me ake biyansa. Idan ribar ɗan kwangila tana cikin abin da ya rage daga kwanon fursuna, kwanon ba zai cika ba. Cutar da ta tashi a kurkuku kuwa, kamar yadda alƙalan Oksfod da Landan suka gani, har kan kujerar shari'a takan kai.