Wasan haɗa launi: Asalinsa da yadda ake shirya wa yara a gida

Wasan haɗa launi shi ne a ba yaro kayayyaki masu launuka daban-daban, ya ware su, ya kai kowanne wurin ɗan'uwansa: ja ga ja, shuɗi ga shuɗi. Ya fi dacewa da 'yan shekara 2 zuwa 4. Yana horar da ido wajen bambance abubuwa, yana kuma ƙarfafa yatsun da za su riƙe fensir nan gaba.

Asalinsa

Friedrich Froebel, Bajamushen da ya assasa makarantun renon yara a 1840, yakan fara koyarwa da ƙwallayen ulu shida masu launi daban-daban. Daga baya Maria Montessori, likita 'yar Italiya da ta buɗe gidan koyar da yara a unguwar San Lorenzo ta birnin Rum a 1907, ta yi amfani da ƙananan alluna da aka naɗe da zaren siliki. A makarantun da ke bin tsarinta a yau, akwatin farko na ɗauke da ja da rawaya da shuɗi, kowanne biyu-biyu. Na biyu yana da launi 11, na uku kuma alluna 63, wato launi 9, kowanne hawa 7 daga mai duhu zuwa mai haske.

Ƙa'idar tsarin ita ce allunan su zama girma ɗaya, siffa ɗaya, launi kaɗai ya bambanta su. Idan an kiyaye wannan, kayan gida sun wadatar.

Kayan da ake buƙata

Ana iya amfani da kwanonin roba, da manyan murafe irin na gwangwanin madarar gari, da ƙyallayen da tela ke zubarwa, musamman na yadi marar zane. Kiret ɗin ƙwai da aka liƙa wa takardu masu launi a ramukansa shi ma yana aiki. Abin maƙale shanya kuwa ya fi horar da hannu, domin matsa shi na buƙatar babban yatsa da manuniya.

Matakai

A fara da launi biyu masu nisa da juna, kamar ja da rawaya, sannan a ƙara na uku. Yaro kan iya haɗa launi tun kafin ya iya kiran sunansa, don haka kada a yi gaggawar tambaya. Tsarin Montessori ya kasa koyar da suna hawa uku: babba ya ce "wannan ja ne", daga baya ya ce "nuna mini ja", a ƙarshe ya tambaya "wannan wane launi ne?" Hausa na sauƙaƙa aikin, domin sunaye irin su ruwan toka da ruwan ƙasa da ruwan lemo suna nuni ga abin da yaro ke gani kullum. Mintoci kaɗan sun isa, a tashi da zarar ya gaji.

Hattara

Yara 'yan ƙasa da shekara 3 na kai komai baki. A dokar Amurka, duk abin wasan da ya shige cikin bututun gwaji mai faɗin santimita 3.17 ana ɗaukarsa haɗari gare su. Saboda haka a nisanta su da maɓalli da wake da duwatsun ado da murfin kwalbar lemo, kuma kada a bar su su kaɗai da kayan. A guji fentin bango ko na ƙarfe, domin wasu na ɗauke da gubar dalma.

Idan yaro ya kai shekara 4 zuwa 5 yana haɗa sauran launuka daidai amma kullum yana rikita ja da kore, kada a ɗauka rashin ƙoƙari ne. Mai yiwuwa makantar launi ce, wadda akasari gado ce kuma ta fi yawa a maza. Likitocin ido na gano ta da gwajin Ishihara, wanda aka fitar a Japan a 1917. Sanin hakan da wuri zai sa malamai su daina hukunta yaron kan abin da idonsa ba ya rarrabewa.