Daga Tumbiɗi Zuwa Tiyatar Huji

Duk wanda ya tashi a Ikara ko Makarfi ko Kudan ya san tumbiɗi. Jariri ya sha nono, ya mayar da kaɗan a kafaɗar uwarsa, kakarsa ta ce ƙoshi ne. Kuma gaskiyarta, domin yawancin jarirai kan daina da kansu kafin su cika shekara ɗaya da rabi. Babba kuwa in ƙwannafi ya dame shi sai ya jiƙa kanwa ya sha. Amma akwai 'yan tsirarun yara waɗanda bakin tumbinsu ba ya rufuwa sosai. Abinci da ruwan tsamin ciki sai su riƙa hawowa, yaro ya rame, ya yi ta tari, wani lokaci abincin ya faɗa masa huhu. A da irin wannan yaro wajen wanzami ake kai shi a cire masa beli, alhali ciwon yana can ƙasa. Ni ma'aikacin gwamnati ne, ba likita ba, tarihin maganin wannan ciwo ne ya ja hankalina.

Wani likita Bajamushe, Rudolf Nissen, wanda ya gudu daga mulkin Hitila a 1933, shi ya ɓullo da aikin a birnin Basel na ƙasar Suwizalan cikin 1955. Dabararsa ita ce a jawo saman tumbi a naɗe ƙarshen hanyar abinci da shi a ɗinke, kamar yadda ake ɗaure bakin buhu. Shekara talatin da 'yan kai ana yinsa ta hanyar tsaga ciki. Sai a 1991 Bernard Dallemagne na ƙasar Beljiyam ya yi shi ta 'yan ƙananan huji: a hura iska cikin ciki, a zura kyamara da dogayen kayan aiki, likita yana kallon talabijin. Ba a jima ba likitocin Amurka suka fara yi wa yara. Kowa ya yi murna, don tabo kaɗan ne, ciwo ya fi saurin warkewa.

To, amma ɗinkin nan yana tsayawa bayan shekaru? Nan ne maganar ta ke. A asibitin yara na Great Ormond Street a Landan an raba yara kashi biyu, wasu tsaga wasu huji, aka bi su shekara huɗu, ba a ga wani bambanci mai yawa ba. A Oslo ta ƙasar Norwe kuwa, binciken da aka buga a 2015 kan yara 87 ya nuna ciwon ya dawo wa kashi 37 cikin ɗari na 'yan huji, kashi 7 kacal na 'yan tsaga. Wato ƙanƙantar tabo ba ita ce ƙarfin ɗinki ba. Ta kowace hanya aka yi, naɗin yakan kwance ko ya zame, musamman ga yaran da suka sami lahani a ƙwaƙwalwa tun haihuwa, waɗanda su ne suka fi bukatar aikin. Wasu kuma gyatsa takan gagare su, ciki ya kumbura, su yi ta yunƙurin amai ba ya fita. Ga shi tun 1988 ƙwayar omeprazole mai rage tsamin ciki ta shigo kasuwa, ta raba yara da yawa da wuƙar likita.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, Turawan nan sun gano haka ne domin yaransu suna komawa asibiti shekara da shekaru, fayil ɗinsu yana nan. Mu kuwa yaronmu mai bukatar likitan tiyatar yara sai an kai shi asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Uba ya sayar da rake ko tumatir ya biya, zare ya warke, shi ke nan a wurinsa an gama. In amai ya dawo bayan shekara uku, kuɗin mota ya hana komawa, katin asibiti ma ya daɗe da ɓacewa, sai a koma ga kanwa.