Faifan «Surprise» da matar da ba ta da matsuguni

Kiɗan house ya tsiro ne a gidajen rawa na baƙar fata a birnin Shikago, a farkon shekarun 1980, inda Frankie Knuckles ya yi suna. An daɗe ana ɗaukarsa kiɗan shagali kawai. A 1991 Crystal Waters ta fitar da faifanta na farko, «Surprise», a kamfanin Mercury, da taimakon Basement Boys na Baltimore. A cikinsa ne waƙar «Gypsy Woman» take, wadda ta ba da labarin wata mata marar matsuguni da ke bara a titin Washinton cikin kwalliyarta. Waƙar ta kai mataki na 8 a Amurka, na 2 a Birtaniya. Ta haka talaucin babban birnin Amurka ya shiga dandalin rawa, har masu shagali suka riƙa rera shi da bakinsu.