Daga Sarkin Magina zuwa Hatimin Injiniya

Duk wanda ya nufi mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo daga birnin Sakkwato, sai ya ratsa fadamar Gulbin Rima ta Kwalkwalawa, ƙauyen masunta da manoman rani. A watan Satumba na 2010, bayan mamakon ruwan sama da tumbatsar madatsar Goronyo, ambaliya ta yanke wannan hanya da gadarta. Jami'a ta rabu da gari, karatu ya tsaya, jama'a suka koma ƙetarawa da kwalekwale. Ruwa irin wannan yana iya fin ƙarfin aikin gwani. Duk da haka, ranar da gada ta yanke, al'umma tana da haƙƙin tambaya: wa ya auna ƙasar, wa ya lissafa ƙarfin gulbin, kuma wa ya sa hannu? Tarihin lasisin injiniyoyi tarihin neman amsar wannan tambaya ne.

Ƙasar Hausa ta daɗe da tata amsa. A manyan birane akwai Sarkin Magina, wanda sarki kan naɗa ya shugabanci masu sana'ar gini. Yaro kan shekara da shekaru yana kwaɓa ƙasa da miƙa tubali kafin a yarda ya jera azara, balle ya ɗaura bakan gizo. Shaidar ubangidansa ita ce takardarsa. Magini kuwa ɗan gari ne. Idan soron da ya gina ya rufta, kunya ta bi gidansu har jikoki. Wannan tsari ne ya haifi Babban Gwani, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarki Abdulkarimu, a ƙarni na 19.

Zuwan Turawa ya kawo siminti da ƙarfe da hanyar jirgin ƙasa, wadda ta iso Kano a 1911. Ƙarfin waɗannan kayayyaki a lissafi yake ɓoye, ido ba ya ganinsa. Sarkin Magina yana iya duban katangar ƙasa ya gane lafiyarta, amma ba shi da hanyar sanin yawan rodin da aka binne cikin ginshiƙin kankare. Mai aikin ma sau da yawa baƙo ne, ya gama ya tafi. Tsohuwar shaida ta kasa, aka bukaci sabuwa.

Wasu ƙasashe sun riga mu shiga wannan hali, kuma ruwa ne ya koya musu. A 1907 jihar Wayomin ta Amurka ta kafa dokar rajistar injiniyoyi ta farko a ƙasar, domin waɗanda ba su ƙware ba suna zana taswirorin rabon ruwan noma. A 1928 madatsar Sen Faransis ta fashe a Kalifoniya, ta hallaka fiye da mutum 400. Shekara guda bayan haka jihar ta wajabta wa injiniyoyin gine-gine yin rajista.

A Nijeriya, matasan injiniyoyi da ɗalibai sun kafa Ƙungiyar Injiniyoyin Nijeriya a Landan a 1958. Ƙungiya kuwa ba ta da ikon hana kowa aiki. Sai a 1970 Dokar Soja mai lamba 55 ta kafa majalisar rajistar injiniyoyi, wato COREN. Doka ta 27 ta 1992 ta faɗaɗa ikonta zuwa tsara sana'ar baki ɗaya, tun daga injiniya har zuwa mai aikin hannu. Gyaran da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2019 ya ƙara mata ƙarfin bin ayyuka da hukunta masu saɓawa. Masana duwatsu da ƙasa da injiniyoyin ma'adinai kuma sun sami tasu majalisar, COMEG, da Doka ta 40 ta 1990. Muhimmancinsu a fili yake a wuri kamar Kwalkwalawa, inda ƙasar fadama take da laushi, gulbi kuma yake zaizayar gindin ginshiƙi a ɓoye. Dokar ta haɗa har da kamfanoni, domin kwangila kamfani ake ba wa, kuma mutum yana iya fakewa bayan sunan kamfani idan ba a tilasta a san injiniyan da ke da alhakin aikin ba.

Sai dai takarda ba ta riƙe gini. A watan Nuwamba na 2021, shekara 51 bayan kafa COREN, bene mai hawa 21 ya rushe a Ikoyi ta Legas, ya kashe fiye da mutum 40. Doka tana nan, kiyaye ta ne ya yi rauni. Tsohon tsari yana da kunya da kusanci amma ba shi da lissafin ƙarfe. Sabon yana da lissafi, amma hatiminsa yana iya zama abin haya a hannun marar amana. Abin da ya rage shi ne a haɗa biyun: a rubuta sunan injiniya da lambar rajistarsa a bakin kowane aiki, yadda mai tallar kifi da ɗalibi za su san wanda suka damƙa wa rayukansu, kamar yadda kakanninsu suka san ƙofar gidan magininsu.