Asalin Harsunan Kwamfuta

Da can, farkon da aka ƙera kwamfuta, ba ta da wani harshe da ake yi mata magana da shi. A shekarar 1945 aka gama haɗa wata a Jami'ar Fensilbaniya ta Amurka, ana ce mata ENIAC. Ta cika ɗaki guda, nauyinta wajen tan 30. In ana so ta yi lissafi, sai a bi ta da hannu, a zare wannan waya a soka can, a murɗa wancan makunni. Mata shida aka fara ɗora wa wannan aiki, sukan yi kwana da kwanaki suna fama da wayoyi kafin injin ya kama sabon lissafi.

Daga baya aka samu injunan da ake rubuta wa umarni su riƙe. To, ita kwamfuta har gobe abu biyu ta sani, akwai wuta ko babu, wato 1 da 0. Sai mutum ya zauna ya yi ta jera lambobi, a huda su a kati, a zura wa injin. Lamba ɗaya ta kuskure, aiki ya rushe, ga shi neman kuskuren ya fi rubutun wuya. Aka ɗan rage wahala da gajerun kalmomi a madadin lambobi, amma kowane inji da nasa. In an sayo wani iri, sai a koma farko.

Ana nan sai wata malamar lissafi, Grace Hopper, ta ce me zai hana injin ya zama tafintan kansa? Mutum ya rubuta abin da yake so, wata manhaja ta juya shi zuwa lambobi. A 1952 ta haɗa irin wannan manhaja, amma mutane suka yi ta ɗari-ɗari da ita.

Wanda ya kai abin gaci shi ne John Backus na kamfanin IBM. A ƙarshen 1953 ya rubuta wa maigidansa takarda yana neman a bar shi ya haɗa irin wannan tafinta, hujjarsa kuwa ta kuɗi ce: abin da ake kashewa kan masu rubuta umarni ya kai kuɗin injin kansa. Shi da bakinsa ya ce ƙyuya ce ta tura shi, don ba ya son wannan rubutu. Kai, wata ƙyuyar ma alheri ce! Shi da abokan aikinsa suka ɗauka wata shida zai ishe su, sai da suka shafe shekara uku. Dalili, tsofaffin hannu sun dage cewa inji ba zai taɓa tsara umarni mai sauri kamar na ɗan Adam ba, su kuma suka ƙi sakin tafintan sai ya ƙaryata wannan zance. A 1957 suka fito da harshen FORTRAN. Daga nan injiniya ya iya rubuta lissafinsa kusan yadda ya saba a allo.

Da ƙofa ta buɗe, kowa ya shigo da bukatarsa. Masu harkar albashi da asusu suka samu COBOL a 1959, da hannun ma'aikatar tsaron Amurka. Malamai biyu a kwalejin Dartmouth, John Kemeny da Thomas Kurtz, suka yi BASIC a 1964 don ɗaliban da ba lissafi suke karanta ba. Dennis Ritchie ya yi C wajen 1972, aka sake rubuta babbar manhajar Unix da shi, har ya yiwu a ɗauke ta daga wannan inji zuwa wancan. Guido van Rossum na ƙasar Holan ya saki Python a 1991, burinsa rubutu ya karantu ba wahala.

Backus ya rasu a 2007. FORTRAN ɗinsa kuwa har yanzu da shi manyan cibiyoyi da dama ke lissafin hasashen yanayi, COBOL kuma na nan yana aiki a bankuna.